Masarar da Na Raba da Hayaƙi

Kicin ɗinmu na unguwar Narayi a Kaduna baƙi ne ƙirin, kuma na daɗe ina jin kunyarsa. Mahaifina ne ya gina shi da jar ƙasa a bayan gida, tun yana sabon ma'aikaci a masaƙa. Ya rufa masa kwano, bai yi masa taga ba sai wata 'yar kafa kusa da rufi, wadda ko kyanwa sai ta matse ciki kafin ta wuce. Murhu kuwa duwatsu uku ne a ƙasa. Hayaƙin shekara da shekaru ya bi bango ya kama katakon rufi, kunkunniya tana reto ta ko'ina. Wanda ya shiga da farar riga sai ya nemi sabulu.

Da mahaifina ya rasu, ƙannena maza suka kama gabansu, sai gidan ya rage daga ni sai Mama. Ni ina koyarwa a wata firamare a Nasarawa. Ita kuma tana da 'yar gona a Kakau. Kowace damina takan hau motar hanyar Abuja da fartanyarta a cikin buhu, ta dawo da yamma ƙafa duk laka, tana ba ni labarin shuka kamar mai ba da labarin jikoki.

A saman murhun nan Mama take rataye irinta. Wata jar masara ce mai gajeren goyo da ƙananan ƙwayoyi. Ba a samunta a kasuwa, don ba ta da auki, mai neman riba ba zai ko kalle ta ba. Amma tana nuna da wuri, daidai lokacin da hatsin bara ya ƙare, ba ta jiran takin zamani, kuma in aka gasa ta ba masarar da ta kai ta zaƙi. Daga hannun kakata Mama ta karɓo ta, a ƙulle cikin tsumma, ranar da aka kawo ta Kaduna tana amarya. Kakata kuma daga tata uwar ta samu. Duk lokacin girbi sai Mama ta zaɓi goyo masu kyau, ta bar su a cikin ɓawonsu, ta ɗaure bibbiyu ta rataya a katako, hayaƙi yana bugunsu safe da yamma har ruwa ya sauka. Hayaƙin ne yake hana ƙwari shiga. Na san wannan tun ina ƙarama, kuma ina faɗa tun yanzu don kada wani ya yi mini uzurin rashin sani.

Abin da ya tunzura ni ƙaramin abu ne. Wata safiya a ɗakin malamai, wata abokiyar aikina, matar wani ma'aikacin banki, ta matso kusa da ni za ta ɗauki alli, sai ta ja hanci ta ce, “Malama, kifi kike bandawa a gida ne? Ki riƙa kawo mana, mu ma mu saya.” Aka kwashe da dariya, ni ma na yi, don ba ni da abin yi. Amma ranar ban koyar da abin kirki ba. Ina rubutu a allo ina sunsuna hannun rigata. Gaskiyarta ce, ina warin hayaƙi, kuma da alama na yi shekaru ina yi ba wanda ya gaya mini.

A lokacin soja sun ce za su koma bariki. Gari ya cika da hotunan 'yan takara, kowane bango da fuskar wani yana murmushi. An ɗan taɓa mana albashi, ba wani abin kirki ba, amma ya isa ya sa mutum ya fara mafarki. A bas, a coci, a kasuwa, zancen kowa sabon abu ne. Na ce to, in ƙasa gaba ɗaya za ta wanke fuska, kicin ɗin gidanmu ba zai zauna a baya ba. Na kawo wa Mama maganar, ta ce, “Me ya yi miki? Ba a cikinsa aka dafa abin da ya girmar da ke ba?” Ban sake tayar da zancen ba, na dai zuba ido ina jira.

Damar ta zo bayan girbi. Matar ƙanena ta haihu a Kafanchan, Mama ta haɗa kayanta za ta je wankan jego, ta ce sai dab da Kirsimeti za ta dawo. Na raka ta tasha, na dawo, ko gida ban shiga ba na wuce wurin wani dattijo magini, ɗan Filato, da muke coci ɗaya.

Kuɗin hannuna ba su taka kara sun karya ba, don haka aikin ya zama na tsince-tsince. Har yau ina ɗan alfahari da wannan ɓangaren, ko da yake bai kamata ba. Siminti kaɗai na saya sabo. Fenti ya fi ƙarfina, sai na sayi farar ƙasa na jiƙa a tsohuwar garwa, na zuba mata gishiri da ɗan bula kamar yadda Baba magini ya koya mini, don kada ta riƙa bin jikin mutane. Wani mai gini ta wajen Barnawa ya bar ni na kwashi fasassun tayil da aka zubar. Na riƙa ɗebowa a buhu bayan an tashi makaranta, har wani mai acaɓa ya ƙi ɗaukata, ya ce shi mutane yake ɗauka ba ɓaraguzai ba. Hedimasta ya ba ni ƙofar wani karyayyen kabad da wani benci da ya rasa ƙafa, kafinta ya mayar da su kanta da tebur. Taga ta gwanjo ce, risho ma na gwanjo ne, sai da na canza masa lagwani duka. Silin kuwa kwalayen firji ne da na roƙa a wani shago. Da na rasa abin shimfiɗa wa kanta, sai na bi unguwa na karɓi ragowar hotunan 'yan takara, na kife su, farin bayan yana sama. Har aka yi zaɓe aka gama, wani da ya nemi kujerar kansila yana nan kife a ƙarƙashin gwangwanin gishirinmu.

Ranar da za a kankare kunkunniya, Baba magini ya hau tsani, ya tsaya yana kallon masarar da ke rataye. Ta yi baƙi kamar komai na ɗakin.

“Malama, wannan fa iri ne,” ya ce.

“Na sani, Baba. Sauko mini da ita.”

“In kin rufe sama da kwali, kin daina wuta a nan, ina za ta sha hayaƙi? Bari in kafa miki 'yar rumfa a baya, Mama ta riƙa hura mata wuta ko sau ɗaya a rana. Tsohon kwano biyu ya isa, ba zan karɓi komai ba.”

Ni kuwa a lokacin kaina ya yi girma. Ina da takardar koyarwa, ina tsayawa gaban allo ina gaya wa yara yadda tsiro ke fitowa. Na ce masa yanzu an ci gaba, akwai maganin da ake jefa wa hatsi ya shekara ba ƙwaro ko ɗaya. Rumfar hayaƙi kuma ai ita ce abin da nake gudu. Ya dube ni daga kan tsanin, ya ce, “To, Malama, kin fi ni karatu.” Ya riƙa miƙo mini su ɗauri-ɗauri.

Da na bar su yadda suke ma, da wataƙila sun kai damina. Amma baƙin nan nasu ya tsaya mini a rai, na ce ba zan ɗora wannan dauɗa a kan farar kanta ba. Ranar Asabar na zauna a tsakar gida na cire ɓawon duka, na goge kowane goyo da tsumma har jan ya fito yana sheƙi. Sun yi kyau ƙwarai, na riƙa juya su a rana ina jin daɗi. Na zuba su a wani bokitin roba da muke ajiye masarar kasuwa a da, wanda murfinsa ya ɗan tsage, na ɗora a kantar sama. Na ce gobe in na shiga kasuwa zan sayo maganin. Gobe ta zo siminti ya ƙare, jibi kafinta yana jirana, daga nan maganar ta fita daga kaina.

Mama ta dawo ana saura kwana kaɗan Kirsimeti. Na karɓi kayanta, ban bari ta zauna ba na ja hannunta zuwa bayan gida. Kicin ya yi fes. Bango fari, ƙasa da tayil kala-kala, haske yana shigowa ta taga, tukwane a jere, risho a kan tebur. Ni guɗa nake jira. Ta tsaya a bakin ƙofa ta cire takalmanta, abin da ba ta taɓa yi a kicin ɗinta ba. Ba ta kalli bango ba, ba ta kalli ƙasa ba, sama ta ɗaga kai.

“Ina irina?”

Na hau kujera na sauko da bokitin, na buɗe mata. Ta ga goyo tsirara, ta sa hannu ta ɗauki ɗaya ta juya shi. Ta ɗago ta dube ni.

“Wa ya tuɓe su?”

“Ni ce, Mama. Yanzu haka ake yi. A roba ake ajiyewa da magani.”

“Kin sa maganin?”

Da na ce mata ban sa ba tukuna, da ta yi faɗanta, ta hura wuta a bayan gida ta rataye abinta, a wuce wurin. Amma na gaji. Na yi wata guda ina kwasar tayil a ka, ina son a yaba mini ko da kalma ɗaya ce, ga shi tambaya ta farko da ta biyu da ta uku duk a kan masara. Raina ya ɓaci. Na ce, “Na sa.” Har na ƙara da cewa kada a sake buɗewa sai lokacin shuka, don in iska tana shiga ƙarfin maganin zai fita. Wannan ƙarin ban san daga ina ya zo bakina ba.

Mama ta mayar da goyon, ta danne murfin da tafin hannunta. Ta ce, “To, tunda ke kika ce. Ku ne kuka yi boko.” Sannan ta dubi ɗakin ta ce, “Ya yi kyau, 'yata. Sannu da ƙoƙari, Allah ya yi albarka.” Na samu yabon da nake nema, bai kuma yi mini daɗi ba ko kaɗan.

Na yi niyyar sayo maganin in jefa a ɓoye. Sai hidimar Kirsimeti ta taso, ga baƙi, ga suya, ga zuwa coci. Bayan nan kuma Mama kullum tana gida, kunya ta hana ni ta kama ni a kan kujera da ƙullin magani a hannu. Na riƙa rarrashin kaina cewa masarar da na goge da hannuna haka, me zai ci ta? Abokiyar aikin nan tawa ma ta zo gaisuwar Kirsimeti, na kai ta kicin da gangan, ta ce, “Kai, Malama, yanzu kin waye.” Na ji daɗin maganar har cikin raina, ba zan ɓoye ba.

Mama dai ba ta saba da sabon kicin ba. Ba ta iya girki a tsaye saboda gwiwa. Tana tsoron risho, ta ce abin da ke huci haka wata rana zai fashe. In ta sa muciya za ta tuƙa tuwo, tukunya sai ta riƙa gudu a kan tebur. Ba ta yi ƙorafi ba. Wata rana na dawo daga makaranta na tarar ta tattaro duwatsunta uku daga inda aka watsar da su, ta kafa su a gindin mangwaro, tana zaune a 'yar kujerarta tana hura wuta. Ba a daɗe ba kananzir ya yi wuya a gari, layi har ya zagaye gidan mai, ni ma na koma gindin mangwaron ina ɗora ruwan shayi. Hayaƙi yana tashi safe da yamma yana bin reshe a banza, masara kuma tana can cikin roba a ɗaki mai tsabta.

Bayan sabuwar shekara wani direba ya kawo wasiƙa daga ƙauye. Daga ƙanwar Mama ce, wadda muke kira Mama Ƙarama. Idon Mama ya yi rauni, don haka ni na karanta mata. Ta rubuto cewa shekarun baya kowa a ƙauye ya koma farar masara ta zamani, har da 'ya'yanta. Yanzu taki ya yi tsada, ba ya ma samuwa, farar kuwa in ba taki sai ta tsaya tana kallon mutum. Sun bi gida-gida suna neman jar masarar kakata, ba wanda ya rage da ita. Ta ce Mama kaɗai ta rage, da zarar ruwan farko ya sauka za ta zo ta karɓar wa kanta da wasu matan dangi.

Ban taɓa ganin Mama ta yi farin ciki irin na ranar ba. Ta sa na sake karanta mata. Ta ce, “Su ne fa suke mini dariya, wai na je birni ina noman masarar tsofaffi. To ga shi nan.” Ta ce in ɗauko biro in ba da amsa, in ce ta zo, akwai isasshe, kowa zai samu. Na rubuta da hannuna, na liƙe, na kai wa direban.

Washegari da Mama ta tafi taron zumuntar mata, na hau kujera na buɗe bokitin. Ƙananan ƙwari baƙaƙe suna yawo a kan goyo, ba su da yawa tukuna. Wasu ƙwayoyin sun huje, ga ɗan gari a ƙasa. A ranar, na rantse, fiye da rabi lafiyarsu lau. Da na jira Mama na ce ga abin da na yi, da ta baza su a rana, ta tsince masu kyau, ta rataye a reshen mangwaro bisa wutarta. Wannan ita ce dama ta biyu da na samu, kuma ita ce ta fi damuna, don a wannan karon ba gajiya ba ce ba kuma fushi ba, tsoro ne kawai. Na ruga kasuwa na sayi ƙwayar magani a hannun wani mai tebur, ban tambayi ko ta daɗe ba, na ƙulle a tsumma na jefa, na rufe da tsagaggen murfin nan. Ban sake buɗewa ba. Wata da watanni ina shiga kicin ina fita, ba na ɗaga kai in kalli kantar sama.

Ruwan farko ya sauka a makonnin da rediyo ba ya zancen komai sai miƙa mulki. Mama Ƙarama ta iso da rana tsaka, da tsarabar citta da doya. Bayan ta sha ruwa ta huta, aka shimfiɗa tabarma a tsakar gida, ta kwance bakin zaninta ta fito da wasu ƙananan jakunkuna na tsumma. Kowace an ɗaure ta da zare daban, don a gane ta wace ce. Ta jera su tana faɗin masu su, wannan ta matar wane, wannan ta gwauruwar da ke bayan coci. Mama tana ta murmushi.

“Malama, sauko mana da shi,” in ji Mama.

Tun da na ɗaga bokitin na san an gama, don bai yi nauyin da na sani ba. Na ajiye a gabansu. Mama ta buɗe da kanta. Wani wari ya taso, ƙwari suka yi ta fitowa ta ko'ina suna bin bakin roba suna sauka kan tabarma. Ta ɗauki goyo ɗaya, ta murza da babban yatsa, ƙwayoyin suka ruguje suka zama gari. Ta ɗauki na biyu, haka. Ta zura hannu har ƙasa ta zaƙulo na can ciki, shi ma haka.

“Yaya, mene ne wannan?” in ji Mama Ƙarama. “A roba? Wa ya raba iri da hayaƙi?”

Mama ba ta kalle ni ba ko sau ɗaya. Ta kakkaɓe hannunta a zani, ta ce, “Ni ce. Na ce ina son kicin irin na mutanen gari, na sa yarinyar nan ta yi ta wahala ta gyara mini. Ni na sauke su na zuba a nan.”

Mama Ƙarama ta riƙe baki. Sannan ta fara, kuma ba ta rage komai ba, duk da cewa yayarta ce. Ta ce da girmanta da furfurarta. Ta ce uwarsu ta riƙe irin nan a shekarar fara, ta riƙe shi a shekarar da suka kwana da yunwa ba ta dafa shi ba, sai ga shi farar ƙasa da tayil sun cinye shi a Kaduna. Ta ce me za ta je ta gaya wa matan da suka haɗa mata kuɗin mota? Har kuka ta yi. Mama ta sunkuyar da kai tana cewa, “Ki yi haƙuri, na yi kuskure.”

Ina tsaye a wurin, murfin bokitin yana hannuna. Kalma uku kawai ake buƙata, in ce ni na yi. Na buɗe baki, na ji muryata tana tambayar Mama Ƙarama ko in ɗora mata ruwan wanka.

Da yamma Mama ta ɓare abin da ya rage ta zuba a kwaryar ruwa, don mai rai yakan nutse. Kusan duka suka taso sama. 'Yan ƙwayoyin da suka nutse ba su cika tafin hannu ba. Ta kai su Kakau ta shuka a gefe guda, ta kewaye da ƙaya. Kaɗan suka tsiro, sirara, rawaya, ba wanda ya yi goyo. Mama Ƙarama kuwa kwana ɗaya ta yi, ta naɗe jakunkunanta yadda ta zo da su ta koma.

Sau ɗaya na gwada yi wa Mama maganar. Tana gindin mangwaro tana tsince shinkafa, na tsuguna kusa da ita na ce, “Mama, maganar masarar nan.” Ta ce, “An gama wannan. Miƙo mini tire.” Ba ta taɓa tambayata ko na sa maganin da gaske ba, ni kuma na karɓi wannan shirun na ɓuya a cikinsa. Ta ci gaba da zuwa Kakau tana shuka farar masarar kasuwa kamar kowa, sai dai ta daina ba ni labarin gona in ta dawo. A ƙauye kuma magana ta zauna. In ta je biki ko jana'iza, sai an samu wadda za ta tsokane ta da cewa ga 'yar birni mai ajiye iri a roba. Takan yi dariya ta ce ai tsufa ne. Sau da yawa ina zaune kusa da ita ake faɗa.

Shekaru bayan haka Mama ta rasu, muka kai ta gida aka binne. Kwana biyu da jana'iza muna zaune da matan dangi a tsakar gidan Mama Ƙarama, ana ta tuna halinta. Mama Ƙarama ta tsufa sosai a lokacin. Ta ce, “Allah ya ba ta hutawa. Yayata mace ce ta gari, ban taɓa kama ta da sakaci ba sai sau ɗaya, shi ma na yafe mata.” Kowa ya san abin da take nufi.

A nan na faɗa. Na faɗi komai a gaban kowa, yadda na jira ta yi tafiya, yadda magini ya gargaɗe ni, yadda na cire ɓawon da hannuna, ƙaryar da na yi, da ranar da na buɗe na ga ƙwari na mayar da murfi. Na ce Mama ba ta taɓa son sabon kicin ba, ko girki ba ta yi a cikinsa. Ina magana ina kuka, na ji kamar na sauke dutse daga ka.

Mama Ƙarama ta saurare ni har na gama. Ta jawo ni jikinta, ta share mini hawaye da bakin zaninta. Ta ce, “Haba 'yata, ya isa. Ai da kunnena na ji ta ce ita ta yi. Ba sai kin ɗaukar mata ba, na ce na yafe.” Na ce wallahi gaskiya nake faɗa. Ta girgiza kai, ta juya wurin matan ta ce su ga irin 'yar da yayarta ta bari, uwa tana kabari amma har yanzu tana rufa mata asiri. Suka yi ta sa mini albarka ɗaya bayan ɗaya, ni kuma ina zaune ina amsawa da amin.